Daga Baki zuwa Takarda: Tarken Ayyukan Farfesa John Feierabend a kan Waƙoƙin Yara

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai manazarta harsunan Nijeriya sukan waiwayi abin da malaman kiɗa suke rubutawa ba, ballantana a ce malaman na wata ƙasa ce mai nisa kamar Amurka. Sai dai akwai wani malamin kiɗa da ya ɗora kusan dukkan aikinsa a kan da'awa guda biyu waɗanda suka faɗo gonar masana harshe da adabi kai tsaye. Da'awa ta farko ita ce, yaro yana koyon kiɗa da waƙa ne ta hanyar da yake koyon magana, don haka kamata ya yi a koyar da su kamar yadda ake koyar da harshe. Ta biyu kuwa ita ce, waƙoƙin baka na yara da suka fara ɓacewa daga gidaje ana iya ceto su ta hanyar aji da littafi. Wannan malami shi ne John M. Feierabend, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen koyar da malaman kiɗa a Makarantar Hartt ta Jami'ar Hartford, a jihar Connecticut, kafin ya yi ritaya. Wannan maƙala za ta ɗora waɗannan da'awowi a kan ma'auni, domin a ga inda suka tsaya da ƙafafunsu da kuma inda suka yi ɗingishi.

2.0 Mutumin da Tafarkinsa

Feierabend ya yi karatun digirinsa na farko a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, na biyu a Jami'ar Wisconsin, na uku kuma a Jami'ar Temple da ke Philadelphia, a zamanin da Edwin Gordon yake koyarwa a can. Ya koyar a Jami'ar Oklahoma kafin ya koma Hartford a ƙarshen shekarun 1980. Ya taɓa shugabantar ƙungiyar malaman Amurka masu bin tafarkin Kodály, an ba shi kyautar LEGO a 1991, kuma a 2012 almajiransa suka kafa ƙungiya mai ɗauke da sunansa domin horar da malamai a kan tsarinsa.

Rijiyoyi biyu ya sha daga gare su. Ta farko ita ce ta Zoltán Kodály (1882 zuwa 1967), mutumin Hangari wanda tun daga 1905 ya shiga ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, daga baya kuma ya tsaya a kan cewa waƙar gargajiya ita ce harshen uwa na yaro a fagen kiɗa, da ita ya kamata a fara, kuma da murya, ba da kayan kiɗa ba. Ta biyu ita ce ta Gordon, wanda ya mayar da hankali a kan yadda mutum yake jin kiɗa a cikin kansa ko da babu wani sauti a waje, ya kuma yi iƙirarin cewa baiwar kiɗa ta yaro tana iya ƙaruwa ko raguwa har zuwa wajen shekara tara da haihuwa, daga nan sai ta tsaya. Masanin harshe zai ji ƙamshin ra'ayin da Eric Lenneberg ya bayyana a 1967 game da ƙayyadadden lokacin koyon harshe. Daga waɗannan rijiyoyi ne manhajojinsa biyu suka fito: First Steps in Music don ƙananan yara, da Conversational Solfege don koyar da karanta alamomin kiɗa da rubuta su. Kamfanin GIA na Chicago ne ya buga su duka.

3.0 Kwatanta Kiɗa da Harshe

Burin manhaja ta farko, kamar yadda marubucin yake yawan bayyanawa, ba samar da ƙwararrun makaɗa ba ne. So yake yaron da ya bi ta hannun malami, idan ya kai shekara talatin, ya iya rera wa ɗansa waƙar reno ba tare da muryarsa ta kauce ba, ya iya taka rawa a ranar bikinsa daidai da bugun kiɗa, kuma kiɗa mai kyau ya iya sosa masa zuciya. Wannan buri ne mai tawali'u, kuma a tawali'un nasa ƙarfinsa yake. Darasin ya ƙunshi aikace-aikace takwas, biyar na murya, uku na motsa jiki. A na murya akwai wasa da hawa da saukar murya, da waƙoƙin maimaitawa da na amshi, da gajerun waƙoƙi, da wani sashe da ake barin yaro ya ƙagi nasa karin waƙar nan take, sannan waƙoƙi masu ba da labari waɗanda malami yake rerawa yara suna saurare.

Akwai wata ƙa'ida tasa da ta cancanci a tsaya a kanta, wato malami ya rera wa yara, amma kada ya rera tare da su. Hujjarsa ita ce muddin muryar babba tana tafe tare da tasu, yara za su riƙa jingina da ita suna bin bayanta da ɗan taƙi kaɗan, ba za su taɓa riƙe karin a cikin kansu ba. Idan aka duba ta fuskar harshe, maganar tana da ma'ana, domin uwa ba ta magana a lokaci guda da jaririnta. Takan faɗa ta saurara, shi kuma ya mayar. Amma ƙa'idar ba ta game duniya ba. A dandalin gaɗa, alal misali, ƙaramar yarinya tana koyon waƙa ne ta hanyar shiga cikin amshi tare da yayyenta, muryarta a ɓoye cikin tasu, har ranar da za ta iya bayar da waƙa ita kaɗai. Ke nan ƙa'idar magani ce ga wata cuta ta aji, inda babba ɗaya yake fuskantar yara talatin masu shekaru ɗaya, babu yayye a tsakani. An gabatar da ita kamar dokar koyo, alhali dabarar zaman aji ce.

A manhaja ta biyu ne kwatancen kiɗa da harshe ya fito sosai. Matakanta goma sha biyu ne. Biyar na farko duk na kunne da baki ne, babu allo babu takarda: yaro zai fara haddace waƙa, sannan ya kwaikwayi malami wajen furta gaɓoɓin solfa (wato do, re, mi da 'yan uwansu) ko gaɓoɓin awo, sannan ya ji guntun karin da ya sani ya sa masa sunayen gaɓoɓinsa da kansa, sannan ya yi haka ga wanda bai taɓa ji ba, a ƙarshe ya ƙagi nasa. Sai bayan haka ne matakai uku na karatu da huɗu na rubutu suke biyowa. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibin firamare yana karanta Ingilishi da babbar murya ba tare da sanin abin da yake faɗa ba zai gane hikimar wannan jeri. Sauraro da magana suna gaban karatu da rubutu, kuma malaman kiɗa da yawa sun daɗe suna fara yaro da layuka biyar da ɗige-ɗigen da ke kansu kafin kunnensa ya san komai.

Duk da haka, kwatancen yana da rauni a wurare biyu. Na farko, babu yaron da ya koyi harshen uwarsa a matakai goma sha biyu. Ba a ce wa yaron Bahaushe sai ya ƙware a jam'i mai ɗafa-ƙeyar "-una" kafin ya ji mai "-aye". Dukkansu yake ji a cakuɗe tun daga zanen goyo, shi ne kuma yake tsamo ƙa'idojin da kansa. Abin da Feierabend ya tsara, na gabatar da guntayen salo kaɗan-kaɗan ana maimaita su har su zauna, ya fi kama da hanyar koyar da baƙon harshe ta ji-ka-maimaita wadda ta yi tashe a Amurka a shekarun 1950 da 1960. Sunan manhajar ma ya nuna haka, domin irin sunan da ake ba kwasa-kwasan koyon hira da Faransanci ne ko Jamusanci. Wannan ba aibu ba ne a kan kansa, sai dai ya kamata a kira abu da sunansa. Rauni na biyu ya fi zurfi. Gaɓoɓin solfa ba kalmomi ba ne, domin ba su nufin komai a wajen kiɗa. Sunaye ne da aka laƙaba wa matakan murya. Mawaƙi yana iya shafe rayuwarsa yana waƙa mai ratsa jiki bai san "do" ba, kamar yadda mai magana yake gina jumla daidai bai san "aikatau" ba. Saboda haka abin da yaro yake yi a mataki na uku da na huɗu ba hira ba ce, ya fi kusa da aikin ɗalibin ilimin furuci da aka ba shi kalma ya fayyace sautukanta. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma nazari ne, ba magana ba.

Inda Feierabend ya yi abin da masanin harshe zai jinjina masa shi ne inda ya saɓa wa malamansa. A Hangari, ana fara yaro da matakai biyu, "so" da "mi", daga baya a ƙara "la", kuma ana daɗewa a kan awon da ake raba kowane bugu gida biyu. Da tafarkin Kodály ya shiga Amurka a shekarun 1960, sai aka kwashe wannan jeri ɗungurungum aka dasa, har malamai suka koma ƙirƙirar waƙoƙi marasa armashi a kan "so" da "mi" domin su dace da shi. Feierabend ya lura cewa jerin na Hangari daga waƙoƙin Hangari aka tsamo shi, su kuma waƙoƙin daga harshen suka samo siffarsu. A harshen Hangari nauyin furuci kullum a gaɓar farko ta kalma yake faɗawa, don haka waƙa takan fara ne daidai kan bugu. Ingilishi kuwa cike yake da jumlolin da suke farawa da gaɓa marar nauyi, kuma waƙoƙin yaransa da yawa suna tafiya ne a kan awon da ake raba bugu gida uku, wanda ake rubutawa 6/8. Saboda haka sai ya kawo wannan awo tun a kashi na biyu na manhajarsa, ya kuma fara matakan murya da do, re, mi, waɗanda ya ga sun fi yawa a waƙoƙin da yaran Amurka suka gada. Wato ya bi ruhin koyarwar Kodály ta hanyar watsi da zahirinta.

To amma wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu. Idan jerin Hangari bai dace da Ingilishi ba saboda bambancin harshe, to jerin Feierabend ma ba zai dace da harshen da ya bambanta da Ingilishi ba, kuma harsuna masu karin sauti sun fi nisa da shi fiye da yadda harshen Hangari yake. A Hausa, karin sauti ne yake raba "baba" na mahaifi da "baba" ta mace da "baba" na rini. A Ibo, "akwa" tana iya zama kuka ko tufa ko ƙwai ko gado. Nijeriya ta riga ta ga abin da yake faruwa idan aka manta da wannan: solfa ta shigo ƙasar nan tare da 'yan mishan, a tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, aka fassara waƙoƙin coci zuwa Yarbanci da Ibo aka ɗora su a kan karin Turai, sai ma'anar wasu kalmomi ta juye. T.K.E. Phillips ya tattauna dangantakar karin harshe da karin waƙa a littafinsa kan kiɗan Yarbawa na 1953, Paul Richards kuma a 1972 ya auna ta a cikin wata waƙar Hausa, ya tarar akwai ta, ko da yake ba cikakkiya ba ce. Sashen nan da ake barin yaro ya ƙagi karin waƙa a kan kalmomin da aka ba shi, a Ingilishi fili ne buɗaɗɗe; a Yarbanci kuwa kalmomin sun riga sun zo da rabin karinsu. Abin da za a iya ara daga Feierabend shi ne hanyar da ya bi, ta tattara waƙoƙi a ƙirga abin da ya fi yawa a cikinsu kafin a tsara jeri. Jerin da ya fitar nasa ne da na masu jin Ingilishi.

4.0 Littattafan Yara

Feierabend ya fara fitar da tarin waƙoƙi tun a shekarun 1980, da Music for Very Little People da Music for Little People. Daga shekarar 2000 kuma ya fitar da jerin ƙananan littattafai, kowanne da nau'insa: waƙoƙin reno daban, na sukuwa a kan gwiwar babba daban, na cakulkuli da wasa da yatsu daban, na tafi, na amshi, na wasannin da'ira. Ya samo su ne daga ɗakunan karatu da kuma bakin tsofaffi. Kasa waƙoƙi bisa aikin da ake yi da su, maimakon bisa jigo, ya dace da yadda manazarta adabin baka suke aiki, kuma yana tuna wa mai karatu cewa waƙar cakulkuli ba rubutu ba ce. Hannu ne da ciki da dariya. A 2008 ma an yi shirin talabijin na yara a tashar PBS bisa manhajarsa, aka sa wa karen da yake jagorantar shirin suna Lomax, don tunawa da Alan Lomax, shahararren mai tattara waƙoƙin gargajiya.

Littattafan da suka sa ake kiransa marubucin yara su ne masu hotuna, inda ake ɗaukar waƙa ɗaya mai labari a shimfiɗa ta a shafuka, a ƙarshe a kawo karinta cikin alamomin kiɗa. A nan akwai tambayar da manazarta adabin Hausa suka sani tun lokacin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970: mene ne matsayin wanda ya rubuta abin da ba shi ya ƙaga ba? Feierabend bai yi iƙirarin ƙagawa ba. Mai zaɓe ne kuma mai gyara, kuma a kan zaɓen da gyaran ya kamata a yi masa hukunci.

Zaɓensa yana da kyau. The Frog and the Mouse, labarin auren kwaɗo da ɓera, waƙa ce da aka yi wa rajista a Landan tun 1580, Thomas Ravenscroft kuma ya buga ta da karinta a 1611. Father Grumble labarin magidanci ne da ya yi kurin zai yi aikin matarsa na kwanaki a yini ɗaya, suka yi musaya, saniya da kaji da zare suka kunyata shi. Asalinta yana komawa ga wata waƙar Sikotilan da ke cikin kundin Bannatyne na 1568. Waɗannan waƙoƙi sun rayu shekaru ɗari huɗu ba don wata hukuma ta sa su a manhaja ba, kuma idan aka jera su da waƙoƙin da ake tsarawa musamman don koya wa yara wanke hannu ko launuka, bambancin a fili yake. Suna da barkwanci, suna da mugunta kaɗan, ba su wa'azi.

Gyaran ne yake da magana. The Crabfish ita ce misali mafi bayyana. Tsohuwar siffarta tana cikin kundin nan na Percy na ƙarni na 17, kuma waƙar batsa ce ta manya: miji ya sayo wa matarsa ƙaguwa, ya ajiye ta a cikin tukunyar fitsarin dare, matar ta tashi cikin duhu, ƙaguwa ta kama ta a inda ba a faɗa. A littafin yara, hanci ƙaguwar take kamawa. Babu mai hankalin da zai ce a ba ɗan shekara biyar tsohuwar siffar, kuma tsabtace waƙar ya riga Feierabend. Matsalar ita ce, hujjar da aka gina manhajar a kanta ita ce ingancin abin da zamani ya tace, alhali abin da ya iso hannun yaro ya bi ta matatar malamai da masu ɗab'i, ba ta bakin jama'a kaɗai ba. Idan an yarda a mayar da wancan wuri hanci, to an yarda cewa mai gyara yana da iko a kan gado, kuma ba za a ƙara fakewa da cewa haka aka gada ba.

Wannan batu ya dawo ta wata ƙofa mai zafi. Wani kaso na waƙoƙin da makarantun Amurka suka daɗe suna kira na gargajiya ya fito ne daga wasannin ƙarni na 19 inda fararen fata suke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don izgili, irin wasan da Thomas D. Rice ya yi suna da shi wajen 1830 da sunan Jim Crow. An goge munanan kalmomin tun tuni, karin ya ci gaba da yawo a azuzuwa. Muhawara ta yi ƙarfi a tsakanin malaman kiɗa wajen 2019 da 2020, kuma daga bisani aka sake buga First Steps in Music bayan an tace waƙoƙin da ke ciki an cire wasu. Matakin daidai ne, amma ya nuna cewa tsawon rai ba shaidar nagarta ba ne: waƙa tana iya daɗewa saboda daɗin karinta alhali an haife ta cikin cin mutunci. Ya kuma tono wata tambaya da kalmar "harshen uwa" ta rufe. Kodály yana magana ne a kan ƙaramar ƙasa mai rinjayen harshe ɗaya. A ajin da ke Hartford akwai yaran da Sifaniyanci ake yi a gidajensu, da jikokin bayin da aka kai daga Afirka, da 'ya'yan baƙin haure daga Asiya. Waƙar auren kwaɗo da ɓera ba harshen uwar mafi yawansu ba ce; harshen makaranta ce, kamar Ingilishin da aka rera ta da shi.

Akwai kuma asarar da shafi kansa yake jawowa. Waƙar baka ba ta da siffa ɗaya: an tattara ɗaruruwan siffofin waƙar kwaɗo da ɓera, a wasu an yi biki lafiya, a wasu kyanwa ta cinye amarya, a wasu agwagwa ko maciji ya haɗiye ango. Littafi dole ya zaɓi ɗaya, mai zane kuma ya yanke wa yaro kamannin kwaɗon da da shi ne zai ƙaga a zuciyarsa. Feierabend ya san wannan haɗari, shi ya sa yake shawartar malamai su fara rera waƙar sau da yawa ba tare da littafi ba, sai yara sun gina nasu hotunan sannan a buɗe shafi. Shawarar tana aiki a ajin malamin da aka horar. Amma littattafan ana sayar da su ga kowa, kuma uban da bai san karin ba, bai kuma iya karanta alamomin da ke shafin ƙarshe ba, zai karanta wa ɗansa waƙar ne da muryar karatu kamar kowane labari, ko kuwa ya kunna masa muryar da aka naɗa ya koma gefe yana saurare tare da shi.